Sai Godiya a Baki, Kwaɗayi a Ciki

Babu kalmar da ta fi yawo a bakinmu kamar godiya. Ina aiki? Da godiya. Yaya kasuwa? Sai godiya. Yaya jikin tsohuwa? Mun gode Allah. Ranar Lahadi mu cika majami'a da waƙoƙin godiya, 'yan zumuntar mata na buga tulu, samari na kaɗa ganga. Idan kaka ta yi mu ware rana guda ta sujadar godiya, a jibge dammunan dawa da buhunan masara a gaban bagade, har da kaji da awaki. Baƙon da ya zauna da mu mako ɗaya zai koma gida yana cewa duk duniya babu mutanen da suka kai mu wadatar zuci.

To in haka ne, su wa suka cika MMM? A watan Disamba na 2016 wannan tsarin damfara ya kulle asusun mutane, bayan ya yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, NDIC, ta ce 'yan Najeriya wajen miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18. Wanda ya ƙirƙiro tsarin, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi irin wannan ta'asa a Rasha tun 1994, har ya sha ɗauri a kanta. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi tun abin bai rushe ba. Duk da haka aka shiga. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufta da kuɗin jama'a, ita alkawarinta ninka kuɗi ne cikin kwana 30. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a waɗannan ramuka ba daga wata duniya suka faɗo ba. Mu ne, masu "sai godiya".

Ni Kirista ne, kuma da 'yan gidanmu nake wannan faɗa. 'Yan'uwa Musulmi da za su karanta suna da nasu babin na ƙana'a, malamansu sun fi ni iya bayaninsa, sai dai na san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Maganata biyu ce. Ta farko, mafi yawan jarabar da ke kayar da mu ta ƙofar rashin godiya take shigowa, saboda haka godiya da wadatar zuci su ne garkuwar Kirista. Ta biyu, akwai masu wa'azi a cikinmu da suka ɗauki wannan rashin godiyar, suka yi masa wanka, suka raɗa masa suna bangaskiya. Lokaci ya yi da za a gaya musu a gaban idonsu.

Kuɗin zumunta

Gwaggona ta yi shekara goma sha ɗaya tana riƙe da kuɗin zumuntar mata a ikilisiyarsu, ko kobo bai taɓa ɓata ba. Malamar firamare ce, tana da gonar gyaɗa, 'ya'yanta huɗu duk sun yi karatu. Wata Lahadi wani saurayi ya tashi lokacin ba da shaida, sanye da sabuwar shadda, makullin mota a hannu. Ya ce wata uku da suka wuce ba shi da na mashin, sai Ubangiji ya nuna masa wani kamfanin saka jari a intanet. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Mai jagorar sujada ya ce wanda ya yi wa wannan yaro zai yi wa kowa, ikilisiya ta amsa da amin mai ƙarfi.

Gwaggo ta fara da kuɗin gyaɗarta. Aka biya ta riba sau biyu. A karo na uku ta haɗa da kuɗin zumunta, waɗanda aka tara domin ɗinka anko da taimakon gwauraye, da nufin ta mayar kafin taron shekara ta ajiye ribar. Ranar da ta buɗe wayarta shafin ya ƙi buɗuwa, ciwon hawan jini ya kwantar da ita kwana tara.

Da na je gaishe ta, na zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce, "Ɗana, abin da ya fi damuna, ban rasa komai ba fa. Da abincina, da albashina, da lafiyata. Tunda yaron nan ya ɗaga makullin nan na ji kamar Allah ya manta da ni."

Na ce, "Gwaggo, yaudararku aka yi."

Ta girgiza kai. "An yaudare mu, gaskiya ne. Amma ni na buɗe ƙofar."

Duk wa'azin da na taɓa ji a kan jaraba, babu wanda ya kai wannan maganar tata. Ba talauci ne ya kayar da ita ba, tana cikin rufin asiri. Abin da ya fara faruwa shi ne rufin asirin nan ya daina yi mata kama da kyauta, ya koma yi mata kama da ƙwange. Kuma a cikin majami'a aka koya mata ganin hakan.

Yadda jaraba ke shiga

Ku ɗauki Littafi Mai Tsarki ku bi manyan faɗuwar da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ku ga ko mayunwata ne suka faɗi. Adamu da Hauwa'u an ba su gona guda cike da itatuwa, aka hana su ɗaya tak. Dabarar maciji a Farawa sura 3 ita ce ya kawar da idon matar daga dukan abin da aka ba ta, ya kafa shi a kan ɗayan da aka hana, sannan ya sa mata zargin cewa Allah rowa yake yi musu. Kafin hannu ya miƙa ga 'ya'yan itacen, godiya ta riga ta fita daga zuciya.

Isra'ilawa a jeji abinci yake sauko musu kowace safiya ba noma ba shuka. A Littafin Ƙidaya sura 11 sai ga su suna kuka suna lissafa kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, sun manta da bulalar da ake haɗa musu da ita. Aka ba su naman da suka nema, wurin da aka binne su aka sa masa suna da ke nufin kaburburan kwaɗayi. Akan, a Joshuwa sura 7, yana gab da samun rabonsa na gādo a ƙasar alkawari, ya ga rigar Babila da azurfa shekel 200 da sandar zinariya mai shekel 50, ya binne su a cikin alfarwarsa. Mutum 36 suka mutu a Ai saboda kayan da ko sa su a bainar jama'a ba zai iya ba.

Sarki Ahab yana da gidan da aka ƙawata da hauren giwa, amma ya kwanta ya juya wa mutane baya ya ƙi cin abinci saboda 'yar gonar inabin Nabot. Ƙarshenta aka yi wa Nabot shaidar zur aka jejjefe shi. Dawuda kuwa, da ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe mijin, annabi Natan ya fara tuhumarsa ne da lissafa masa abin da Allah ya riga ya ba shi, sarauta da gida da tsira daga hannun Saul, ya kuma gaya masa da waɗannan sun yi kaɗan da an ƙara masa. Tuhumar farko da aka yi wa Dawuda ita ce butulci. Zina da kisa 'ya'yansa ne.

Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya ba da labarin satar da ya yi yana ɗan shekara 16. Shi da abokansa suka kaɗe itacen wani maƙwabci da dare, suka kwashi 'ya'yan da yawa, suka ɗan ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Ya ce a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. Bahaushe ya gama magana da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ya kuma ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Bai ce wajen yunwa ba.

Mutum ɗaya ne a cikin waɗannan labarai yake jin yunwa ta gaske, shi ne kuma bai faɗi ba. Yesu ya yi kwana 40 a jeji bai ci ba. Kafin nan, a bakin Urdun, an shaida masa daga sama cewa shi ƙaunataccen Ɗa ne. Iblis ya zo da tayi uku, gurasa daga duwatsu, tsalle daga kan Haikali, da mulkokin duniya, kuma duka ukun abu ɗaya suke cewa: abin da Ubanka ya ba ka bai isa ba, ga gajeriyar hanya. Ku lura, a tayi na biyu Iblis har ayar Zabura ya janyo. Saboda haka duk wanda ya zo muku da aya a baki da gajeriyar hanya a hannu, ba shi ne na farko ba.

'Ya'yan Gehazi

Wannan koyarwa da ke cewa dukiya ita ce hatimin bangaskiya, talauci kuma alamar la'ana, tana da ranar haihuwa da garin haihuwa. A Amurka ta yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu, a bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin, waɗanda dukansu suka kafa cibiyoyinsu a yankin Tulsa ta jihar Oklahoma. Roberts ne ya yaɗa maganar "shuka iri", wato ka ba mai wa'azi kuɗi kana jiran Allah ya ninka maka. Ayar da ya fi dogara da ita, 3 Yahaya aya 2, gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa zuwa ga wani mutum mai suna Gayus, irin yadda mu ma mukan rubuta cewa muna fatan kana lafiya. A Najeriya, Benson Idahosa na Birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya buɗe mata ƙofa. Ta sami kasuwa a shekarun 1980, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata.

Da can muna ganin abin na manyan cocin Legas ne. Yanzu ya shigo ta talabijin da waya har ƙauyukan da kakanninmu suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Za ka ji fasto a ikilisiyar manoma yana kiran masu naira dubu hamsin su fito gaba, sannan masu dubu ashirin, sannan masu dubu biyar, addu'ar kowane rukuni daidai kuɗinsa. Mai ɗari biyu tana zaune a baya tana kallo. Alhali wadda Yesu ya yaba a Haikali gwauruwa ce mai 'yan tagulla biyu.

Littafi Mai Tsarki ya san irin waɗannan mutane, ya kuma ajiye sunayensu. Na'aman ya zo wurin Elisha da azurfa talanti 10 da zinariya shekel 6,000 da riguna 10. Ya warke daga kuturta, ya roƙi annabin ya karɓa, Elisha ya rantse ba zai taɓa ko ɗaya ba, domin baƙon nan ya koma Suriya da sanin cewa alherin Allah ba na sayarwa ba ne. Baransa Gehazi ya bi bayan karusar da gudu, ya shirya ƙarya da sunan ubangidansa, har da cewa wasu 'ya'yan annabawa ne suke bukata. Ya karɓi talanti 2 da riguna 2, ya kuma gāji kuturtar. A Ayyukan Manzanni sura 8 Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi yana so ya sayi baiwar Ruhu, Bitrus ya tsine wa kuɗin. A wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura 6, Bulus ya yi magana a kan mutanen da suka ɗauki ibada hanyar neman riba, ya kira su masu lalataccen hankali, ya ce masu ƙudurin sai sun yi arziki tarko suke faɗawa.

Har ayar nan ta Filibiyawa 4:13, da ake rubutawa a bayan mota da jikin shago, an sace ta daga mazauninta. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta. A ayoyin da ke gabanta yana cewa ne ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa, da samu da rashi, kuma ƙarfin da yake magana a kai ƙarfin jure duka biyun ne. An ɗauki ayar wadatar zuci an mayar da ita tallar buri.

Ba ni kaɗai nake wannan ƙorafi ba. Malaman tauhidi na Afirka a ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne sun zauna a Akropong ta ƙasar Ghana a 2008 da 2009 a kan wannan koyarwa. Sun amince cewa Allah ya damu da talauci da cuta, amma sun ƙi yarda a auna ruhaniyar mutum da dukiyarsa, sun kuma ƙi yarda cewa ana sayen albarka da baiko.

Abin da ya haɗa wa'azin "shuka iri" da tsarin damfara shi ne lissafinsu ɗaya: kawo kaɗan yau, karɓi ninki gobe, kada ka tambayi daga ina. Mutumin da aka yi shekara goma ana koya masa wannan lissafi daga kan bagade, yaya za a yi ya gane ɗan damfara in ya zo? Ribar kashi 30 a wata tana nufin naira 100,000 ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda. Ninki kowane wata yana nufin ta haura miliyan 400. Ko ɗan firamare ya san babu gonar da ke ba da haka. Amma an riga an koya mana cewa tambaya rashin bangaskiya ce.

Tallar da ke cikin aljihu

Ahab gona ɗaya yake hange daga fadarsa. Mu wayar da ke hannunmu tana nuna mana gonaki dubu kafin mu wanke baki. Abokin makarantarka ya sayi mota, ƙawarki tana Dubai, wancan ya yi bikin da aka yi liƙi da daloli. Ba wanda ke ɗora hoton bashin da ya ci. Facebook da TikTok da Instagram da kuɗin talla suke rayuwa, talla kuwa ba ta da kasuwa a wurin wanda ya gamsu. Tsakanin hoto da hoto sai ga tallar caca, ana ce maka da naira ɗari za ka ci miliyan. Ku zagaya shagunan cacar ƙwallo ranar Asabar da yamma, za ku sami samarinmu 'yan mawaƙa da 'yan ƙungiyar matasa, waɗanda gobe za su jagoranci waƙar godiya.

Jarabar aure ma ta nan take bi. Namijin da ya daina ganin matarsa a matsayin kyauta, ya fara auna ta da hotunan da aka goge da manhaja, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa gidan wata. Ma'aikacin da kullum yake lissafin abin da sa'o'insa suka tara, ranar da aka turo masa ambulan ba zai yi dogon tunani ba. Doka ta goma cikin Dokoki Goma, wadda ta hana ƙyashin abin maƙwabci, ita kaɗai ce ba alƙalin da zai iya kama ka da ita, ita ce kuma uwar sata da zina da shaidar zur.

Masu cewa wannan maganin barci ne

Na san amsar da wasu za su ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce wa'azin wadatar zuci shi ne abin da manya ke so talaka ya ji. An janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi aka tsayar a naira 70,000 a lokacin da buhun shinkafa ya wuce haka a kasuwanni da yawa. A wannan hali ka ce wa mutum ya gode? Wanda ya ƙoshi ne ke wa'azin azumi.

Na yarda da rabin maganar. Akwai masu amfani da kalmar godiya su toshe bakin wanda suka zalunta: shugaban da ke riƙe albashi ya ce a yi haƙuri, mai gidan da ke dukan matarsa dattawa su ce ta gode tana da aure, ikilisiyar da ke biyan mai bishara na ƙauye abin da bai kai kuɗin man motar babban fasto ba. Wannan zalunci ne da ya ari rigar ibada. Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji.

Amma ku duba wa Littafi Mai Tsarki ya fi yi wa wa'azin gamsuwa. Da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Masu karɓar haraji ya hana su ƙara ko kobo a kan abin da aka yanka. Masu bindiga da masu biro ya fara yi wa wannan wa'azi. Ku yi tunanin hanyar Kaduna zuwa Jos in kowane mai kaki ya gamsu da albashinsa. Ku yi tunanin asibitin gwamnati in mai sayen magani ya gamsu da nasa. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahudiya bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba saboda talakawa na cikin ƙunci, shi ya sa da ya tsawata wa manya a kan cin ruwa da karɓe gonaki suka rasa bakin magana. Talaucin ƙasar nan rashin wadatar zucin wasu ne ya haife shi. Wanda ke ƙin wannan koyarwa da sunan kare talaka, maganin cutar yake zubarwa.

Mai wadatar zuci kuma shi ne ba a iya saya. Bulus ɗin nan da ya rubuta wa mutanen Filibi cewa ya koyi gamsuwa, a garin Filibin aka taɓa yi masa bulala shi da Sila aka kulle su ba shari'a. Da tsakar dare suna waƙar yabo. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita, ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, sai waɗanda suka taka doka sun zo da kansu. Suka zo, suka ba da haƙuri. Bakin da ya yi godiya da dare shi ya nemi hakki da safe. Wanda mudun shinkafa da naira dubu biyu ke saye ranar zaɓe, da wanda kujera ke rufe wa baki, ba godiya ce ta yi musu yawa ba.

Ba kuma lalaci ba ce. Bulus ɗinkin alfarwa yake yi da hannunsa, ya kuma tsawata wa malalatan Tasalonika. Ka yi noma, ka yi karatu, ka nemi ƙarin girma, ka faɗaɗa shagonka. Agur, a Karin Magana sura 30, ya roƙi Allah ya raba shi da talauci da kuma yawan dukiya, domin ya ga jaraba a duka ɓangarorin, sata a nan, mantuwa da Allah a can. Mai wadatar zuci yana nema, amma akwai farashin da ba zai biya ba, domin bai yarda cewa ransa ya rataya a kan abin da yake nema ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Godiyar waɗanda suka rasa

In kuwa ana ganin godiya ta masu ƙoshi ce, tarihi bai goyi bayan haka ba. Martin Rinkart fasto ne a garin Eilenburg na Jamus a lokacin yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. A annobar 1637 ya binne mutane sama da 4,000, wani lokaci arba'in ko hamsin a rana, har da matarsa. Wannan mutumin ne ya bar wa ikilisiya ɗaya daga cikin waƙoƙin godiya da aka fi rerawa a duniya.

Ba sai mun je Jamus ba. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, watanni shida bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Na yi sujada da wasu daga cikin waɗanda suka gudo Jos a lokacin. Wata tsohuwa ta tashi ba da shaida. Ta lissafa abin da ta rasa, ba ta rage komai ba, ta yi kuka. Sannan ta lissafa waɗanda suka ba ta ruwa a hanya, har da Musulmin da ya ɓoye su a gidansa kwana biyu, ta gode wa Allah a kan kowannensu. Na fita ina tunanin jarabar da ke gabanta ta fi ta kuɗi nauyi, jarabar ƙiyayya da ɗaukar fansa. Wannan lissafin nata shi ya hana ƙiyayyar samun wurin zama. Ba makullin mota a hannunta, amma shaidar da ya kamata a yi wa guɗa ke nan.

Abin da nake nema

Bulus ya ce koyon gamsuwa ya yi. Abin koyo kuwa sai da maimaici. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka sura 17, ɗaya ne ya dawo, shi ma Basamariye. Tara ɗin ba su ce ba su gode ba, wucewa kawai suka yi zuwa bukata ta gaba. Godiya tana bukatar a juyo da gangan.

Saboda haka ka daina godiya a dunƙule. Kafin ka buɗe waya da safe, ambaci abu uku da sunansu waɗanda ba kai ka ba kanka ba. Duk tayin kuɗin da ya ce sai yau sai yanzu, ka bar shi ya kwana bakwai, ka kuma gaya wa mutum ɗaya da ba ya tsoron ɓata maka rai. Shafin da duk ka duba sai ka tashi kana raina gidanka, ka daina binsa. Ka riƙa bayarwa inda ba za a iya rama maka ba, domin bayarwar da ke jiran ninki ciniki ce.

Ku kuma iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, da girmamawa nake roƙonku. Ku tace shaidar da ake bayarwa a gaban jama'a. Wanda ya zo da labarin arzikin dare ɗaya, ku tambaye shi sana'arsa kafin ku miƙa masa makirufo. Ku ba da wuri ga shaidar ma'aikacin da ya mayar da ambulan, da matar da ta biya bashi, da ma'auratan da suka yi shekara arba'in tare. Ku daina jera mutane gaban bagade bisa nauyin aljihunsu. Sunan da ikilisiyar farko ta sa wa Jibin Ubangiji a harshen Girka ma'anarsa godiya, kuma a wannan teburi gutsuren mai kuɗi da na talaka girmansu ɗaya.

Gwaggo ta sayar da gyaɗar shekara biyu da akuyoyinta ta biya kuɗin zumunta har kobon ƙarshe. Ta tsaya gaban matan ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Saurayin mai makulli ya bar gari, motar ma ashe haya ce. Mai jagorar sujadar da ya sa aka ce amin har yau bai ce wa kowa uffan ba. Da na je gaishe ta bara na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina aiki?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Da godiya, ɗana. Yanzu in na faɗa, na san abin da nake lissafawa."